Kwano na Biyu

Babana mai awo ne a kasuwar garinmu. Tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Ranar kasuwa, da ya karya kumallo sai ya ɗauki tabarmarsa da kwanon awonsa, ya tafi gindin tsamiyar da ke layin 'yan hatsi ya shimfiɗa. Mai gero ko dawa ko wake ya juye kayansa a gabansa, mai saye ya tsuguna a ɗaya gefen ya riƙe bakin buhu, Baba yana tsakiya yana aunawa yana ƙirgawa da ƙarfi yadda kowa zai ji. In an gama a ba shi la'adarsa, na gaba ya matso.

Amma abin da ya fi riƙe gidanmu hatsin mata ne. Matan aure ba sa zuwa kasuwa, kuma kowacce tana da ɗan abin da aka noma mata a gayauna. Tun jajiberin kasuwa ake ta shigo da buhuna zaurenmu, wannan daga gidan liman, wannan daga gidan maƙera, wannan na matar wane. A nan zaure Baba yake auna na kowa, shi kaɗai, washegari ya sayar ya aika wa kowacce haƙƙinta. Ban taɓa jin wadda ta aiko tana tambayar kwano nawa aka samu ba. Abin da Baba ya ce, shi ke nan.

Shekarar da abin ya faru ina da ashirin da biyar. Na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamaren ƙauyen da ke gaba da namu, na yi aure ina zaune a sashe ɗaya na gidanmu, kuma ina ji da kaina. A ganina a lokacin, abin da ido ya gani hannu ya taɓa shi ne akwai, saura duk surutun mutane ne. Haka nake faɗa wa ɗalibaina, in ana gardama a kan abu, a ɗauko shi a gwada, gardama ta ƙare.

Ranar ina makaranta, ban gani da idona ba, amma na ji labarin daga bakin mutane da yawa kuma bakinsu ɗaya. Kaka ce, wake ya shigo. Akwai wani masari da yake zuwa da mota yana saron hatsi yana kaiwa birni. Ya yi ciniki da wani dattijo a kan buhu uku na wake, aka kawo wa Baba ya auna. Baba ya fara, sai masarin ya ce, "Malam, a sa hannu mana."

Sa hannu shi ne mai awo ya kewaye bakin kwano da hannunsa na hagu, yadda hatsin zai taru ya wuce tozon da aka saba. Wasu masu awo suna yi wa manyan masu saye haka, a bayan fage a ɗan ba su wani abu.

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "Alhaji, kwano ka saya, ba ka sayi hannuna ba."

Mutane suka yi dariya. Dariyar ce ta ƙona masarin. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ɗaga murya yadda har 'yan awaki za su ji, ya ce, "To, Malam mai gaskiya! Yau kwanon bainar jama'a aka fito da shi ke nan. Ina ɗayan? Wanda ake auna na matan gida da shi a zaure in ba kowa? Ai mun sani, kwano biyu gare ka."

Baba ya ce, "Allah ya shirye ka," ya ci gaba da ƙirga. Masarin ya loda wakensa ya shiga mota ya tafi. Duka maganar ba ta kai tsawon alwala ba.

Kowa ya gane abin da yake nufi. Wai Baba yana da babban kwano da yake auna hatsin mata da shi a gida, ya zo kasuwa ya sayar da ƙarami, rarar ta zama tasa. Mutumin da ya faɗi haka bai taɓa taka zaurenmu ba. Bai san ko ta ina ƙofar gidanmu take kallo ba. A take ya ƙirƙiri kwanon nan don ya huce haushin dariyar da aka yi masa.

Da yamma maiɗakina ta dawo daga gidan suna ta ce mini a can ma zancen ake yi. Na je na samu Baba a zaure yana gyara igiyar akuya. Na ce, "Baba, kada ka sa abin nan a ranka. Magana ce kawai. Nan da kasuwa biyu an manta."

Ya dube ni ya ce, "To, Malamin makaranta." Ya koma kan igiyarsa. Har yau in na tuna bakina ne ya faɗi "magana ce kawai", sai in ji kamar in mari kaina.

Jajiberin kasuwar gaba, buhunan da suka shigo zaure sun ragu. Na bayanta suka ƙara raguwa. Babu wadda ta aiko ta ce ta daina, shiru kawai. Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda Innata ta karɓi haihuwar 'ya'yanta huɗu, aka ga an fitar da gyaɗarta ta ƙofar baya an kai wa wani mai awo. Inna ta leƙa ta katanga ta tambaye ta. Ta ce, "Wallahi Inna ba wai na yarda ba ne. Maigidan ne ya ce a ɗan canza hannu." Wata kuma ta fara tuna cewa shekara uku da suka wuce ta aika da gero ta ga kamar kuɗin bai kai ba. Shekara uku ba ta tuna ba, sai yanzu.

Ni na kawo shawarar a gwada kwanon. Baba bai so ba. Ya ce, "Wanda ya yarda da ni bai buƙatar gwaji, wanda bai yarda ba gwaji ba zai ishe shi ba." Na ce wannan tunanin mutanen da ne. Na ce ga kwano nan ƙarfe ne, ana gani ana taɓawa, a ɗora shi a gaban jama'a ƙarya ta mutu. Na dame shi har ya gaji ya ce in yi abin da na ga dama.

Na je wurin sarkin kasuwa. Ya ce in za a gwada sai dai a gwada na kowa, kada a ce an ware mutum ɗaya. Ranar kasuwa da hantsi aka tara masu awo bakwai a gindin tsamiya, kowa da kwanonsa. Sarkin kasuwa ya fito da nasa kwanon, wanda ake komawa gare shi in an yi saɓani. Mutane suka kewaye, har da masu shayi da 'yan acaɓa. Aka cika na sarkin kasuwa da gero aka shafe bakinsa da sanda, aka juye a na Baba. Ya cika cif, ƙwaya ba ta zube ba, gurbi bai ragu ba. Aka sake da ruwa, haka. Aka kifa shi aka duba gindinsa, babu alamar guduma. Baba ya saye shi a Ɗambatta shekaru da yawa, bakinsa har ya yi santsi don hannu.

Cikin sauran shida, biyu aka kama. Ɗaya an buga gindin nasa ya shige ciki, ɗaya an fiffiƙe bakin. Aka yi musu ihu, sarkin kasuwa ya sa aka lotsa kwanukan da dutse a gaban kowa, aka ci su tara. Ni kuwa ina tsaye ƙirjina a buɗe, ina duban fuskokin mutane ina jiran su ji kunya.

Sai wani daga bayan taron ya ce, "To ai wannan wanda ya kawo ne."

Ban ga wanda ya faɗa ba. Wasu suka yi 'yar dariya, wasu suka gyaɗa kai, taro ya watse. Baba ya ɗauki kwanonsa ya goge ruwan da bakin rigarsa ya koma tabarmarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fara koya mini abin da ban koya a kwaleji ba. Mutum biyun nan da aka kama dumu-dumu, kasuwa ta gaba suka dawo da sababbin kwanuka suna ƙyalli, kuma mutane suka koma musu. Har cewa ake yi ai yanzu nasu ne abin yarda, tunda sabo ne kuma an tsorata su. Laifinsu yana da jiki. An gan shi, an ɗora shi a kan dutse an farfasa, kowa ya shaida ya mutu. Na Baba kuwa ba shi da jikin da za a fasa. Ta ina za ka lotsa kwanon da ba a taɓa ƙerawa ba? Masu cuta na gaskiya suka wanku cikin mako guda, wanda bai ci ƙwayar kowa ba aka bar shi da datti.

Maimakon in tsaya nan, sai na ƙara wauta. Na ce tunda sun ce ɗayan yana gida, a zo a duba gidan. Wannan karon ban ma nemi izinin Baba ba, na je na ɗauko mutum biyu daga mutanen sarkin kasuwa da wani dattijon unguwa. Baba yana zaune a ƙofar gida ya gan mu, ya gane. Ya ce, "Ku shiga." Suka duba zaure, suka duba ɗakinsa, suka ɗaga katifa, suka leƙa rumbu. Da aka zo ɗakin Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni za a bincika?" Tana maganar tana dubana, ba su take duba ba. Daga nan ta shiga da kanta ta yi ta fito da kwanukanta tana jefarwa a tsakar gida, na jere da na tuwo da na miya, har da waɗanda aka kawo ta da su gidan. Kowanne ya faɗi sai ya yi ƙara ya gangara. Ta ce, "Ku zaɓa. Wanne ne na satar?" Mutanen suka sunkuyar da kai suka fice suna ba da haƙuri.

Ba a samu komai ba, don babu abin samu. Amma kafin la'asar labari ya zaga gari cewa an binciki gidan mai awo. Kaɗan ne suke ƙarasawa da cewa ba a ga komai ba. Waɗanda suka ƙarasa kuma sai su ce ai wanda ya iya wannan ya iya ɓoyo. Da hannuna na ƙara wa ƙaryar ƙafafu. Inna ta yi kwana goma ba ta amsa gaisuwata da fiye da "lafiya" ba.

Sai na kai ƙara wurin dagaci. An yi wata guda kafin masarin ya sake shigowa garin, aka tsare shi da sammaci ya zo. Muka zauna a zauren dagaci, mu takwas ko tara. Kafin a zo kanmu akwai wata shari'a. Wani mai mashin ya buge tunkiyar wani ya karya mata ƙafa. Aka shigo da tunkiyar tana ɗingishi, dagaci ya sa aka taɓa ƙafar, aka kira mahauci ya faɗi abin da ta rage a daraja, aka ce mai mashin ya biya, ya biya a take. Ban ga laifin wannan hukunci ba. Na ma ji daɗi, na ce a raina yau mun zo wurin da ake bi wa mutum haƙƙinsa.

Aka zo kanmu. Na faɗi abin da ya faru tun daga farko. Dagaci ya juya ga masarin. Mutumin nan ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne fa. Irin na kasuwa. Ni ban san ma an ɗauke ta da zafi ba. Ni ina na san kwanonsa?"

Dagaci ya ce wa Baba, "Malam, ka ji. Ya ce wasa ne. Ya taɓa lafiyarka?"

Baba ya ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"Ya ɗauki wani abu naka? Hatsi, ko kuɗi, ko kwanon?"

"Bai ɗauka ba."

"To me za mu ce ya biya? Mai tunkiya ya kawo tunkiyarsa mun gani. Kai nuna mini abin da ya ɓata maka in sa ya gyara."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a zo a ga zaurenmu ranar jajiberin kasuwa. Da ba wurin taka ƙafa, yanzu kaji ne suke kiwo a ciki. Wannan ba ɓarna ba ce? Ƙafar tunkiya ta fi sunan mutum ke nan?"

Wani daga fadawan ya daka mini tsawa ya ce in zauna, ba a yi wa manya tsaye. Baba ya kama gefen rigata ya ja ni ƙasa. Dagaci bai yi fushi ba, da ma ya yi. Cikin sanyin murya ya ce, "Malam ƙarami, mata sun kai hatsinsu inda suka ga dama, ba shi ya hana su ba. Magana iska ce, in an ƙyale ta sai ta wuce." Daga nan ya ce masarin ya ba Baba haƙuri. Mutumin ya matso ya miƙa hannu ya ce, "Malam, a yi haƙuri." Baba ya karɓi hannun.

Na ce ina da roƙo ɗaya. Tunda a tsakiyar kasuwa ya faɗa, ya je tsakiyar kasuwa ya janye. Masarin ya ce shi motarsa tana jiransa. Dagaci ya ce kada a tsawaita abin da ya riga ya mutu, aka shafa fatiha. Ƙaryar da aka yi a gaban kasuwa guda, aka janye ta a gaban mutum takwas da tunkiya.

Abin da ya fi ci mini rai a zauren nan, kalmar da dagaci ya faɗa ita ce tawa. Abin da na faɗa wa Baba a ranar farko shi aka maimaita mana, sai a lokacin na ji yadda take a kunnen wanda aka yi wa. Mutanen nan kuma ba wai ba su san abin da ba a gani yana da nauyi ba ne. Dagacin kansa, me ya ɗora shi a kan shimfiɗar nan mu muna ƙasa? Rawanin ƙyalle ne, ana sayar da irinsa a kasuwa. Sarautar da ke cikinsa wa ya taɓa riƙe ta a hannu? Amma da na tsaya a gabanta sai da aka daka mini tsawa. Tasu martabar akwai ta, har tana da masu gadi. Ta Baba ce iska.

Baba ya ci gaba da zuwa kasuwa har ƙarshen rani. In na taso daga makaranta da wuri nakan biya in hango shi daga nesa, yana zaune a tabarma, kwano a kife a gabansa, ana ta awo a hagunsa da damansa. Wani lokacin baƙo da bai san komai ba yakan kawo masa, sai ka ga wani ya ja baƙon gefe ya yi masa raɗa. Mutane ba su daina gaishe shi ba. Sun ma ƙara masa ladabi, irin ladabin da ake yi wa mara lafiya. Da in za a fitar da zakkar hatsi a unguwa ko a raba gadon rumbu, shi ake kira. Aka daina, ba tare da kowa ya ce an daina ba. Da damina ta faɗi ya rataye tabarmar, bai sake komawa ba.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne wata safiya da na shiga zaure na same shi da kwanonsa da na Inna na awon tuwo da tulin gero a kan buhu. Yana cikawa yana juyewa, yana sake cikawa. Na ce, "Baba, me ake yi?"

Ya ce, "Ina dubawa ne. Ka san hannu yana iya karkata mutum bai sani ba. Shekara da shekaru ina auna na mutane ni kaɗai. In wani abu ya shiga haƙƙina fa?"

Na ce, "Baba, ka fi kowa sanin ba ka ci na kowa ba."

Ya ce, "A da na sani."

Nan na fita na tsaya a cikin gonar dawa inda ba mai ganina. Mutumin da ya san tsabtar hannunsa kamar yadda ya san sunansa, an sa shi yana tuhumar kansa. A ce mini wannan iska ce! Na ga abin da ta yi da idona. Ta kwashe buhuna daga zaurenmu kamar yadda ɓarawo zai kwashe, ta rage tuwon gidanmu, ta zaftare naman jikin Baba har rigunansa suka yi masa yawa. In da mutum ne ya shigo da sanda ya yi mana rabin wannan, da gari ya fito an kama shi.

Damina biyu bayan haka ya faɗi a gona yana noman firi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti suka ce hawan jini ne, suka nuna mini lambobin da na'urarsu ta nuna. Ban yi musu gardama ba, abin da na'ura take iya gani ke nan. Ya yi shekara huɗu a kwance, Inna tana juya shi tana ba shi kunu a baki, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Wurin zaman makoki gari ya cika ƙofar gidanmu. Kowa ya zauna sai ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam, mutum mai amana." Mijin maƙwabciyar nan tamu, wanda ya ce a canza hannu, ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce shi dai bai taɓa yarda da zancen nan ba ko na rana ɗaya. Na ce masa, "To gyaɗar fa?" Ya yi kamar bai ji ba. Kawuna ya harare ni, daga baya ya ja ni gefe ya ce ba a yin haka a wurin gaisuwa. Na yi shiru don darajar mamacin, amma in gaskiya za a bi, ban yafe ba a ranar, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na gama yafewa yanzu ba. Ina roƙon Allah ya sassauta mini zuciya, abin bai zo ba tukuna.

Na ɗauka an binne zancen tare da shi. Bara aka zo neman auren 'yata ta fari. Yaron mutumin kirki ne, daga wajen Tofa, sun haɗu a makarantar koyon aikin jinya, suna son juna. Danginsa suka yi bincike kamar yadda aka saba. Bayan kwana kaɗan baffan yaron ya zo ya same ni shi kaɗai, dattijo mai kunya, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso. Ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Duk wanda muka tambaya alheri ya faɗa a kanku. Sai dai mutum biyu sun kira gidan nan da wani suna, na ce gara in ji daga bakinka."

Na ce, "Wane suna?"

Ya ce, "Wai gidan mai kwano biyu."

Na tambaye shi su wane ne suka faɗa. Ya ce samari ne a bakin tasha, da ya nemi kwatance. Samari! Waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka yi abin, ba su taɓa ganin Baba a tsaye ba. Ya ce da ya tambaye su ma'anar sunan, ɗaya ya ce shi dai haka ya taso ya ji ana faɗa, ɗayan ya ce wai kakan gidan ne aka taɓa kamawa.

Aka taɓa kamawa. Na zaunar da dattijon nan na ba shi labarin tun daga buhun wake har zuwa gonar da Baba ya faɗi, ban rage wautata ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Na yarda da kai, Malam. Allah ya saka masa." Na ce, "Ka yarda da ni ne don ka ga dama. Ba ni da abin da zan nuna maka." Ya ce ya sani.

An ɗaura auren bayan sallah ƙarama, tana ɗakinta lafiya. Ban faɗa mata abin da baffan mijinta ya zo da shi ba, ban kuma faɗa wa Inna ba, wadda ta tsufa yanzu idonta ya yi rauni. Washegarin zuwan dattijon na je tasha da niyyar in nemo samarin nan. Na tarar da su su wajen goma a kan benci, kowa da waya a hannu, suka gaishe ni da ladabi, biyu daga cikinsu ma ɗalibaina ne na da. Na tsaya ina dubansu, ban san wanda zan kama ba, ban san me zan ce ya ajiye ba. Ɗaya ya ce, "Malam, mota kake jira?" Na ce a'a, na juyo gida.